Shekarar da Na Ba Tsutsa Gadin Masarar Inna

Da sunan Allah nake ci gaba. Ku 'ya'yana, da ku jikoki masu iya karatu, na san kun sha jin labarin nan a bakin mutanen Rurum, kuma na san da dariya ake ba ku shi. Ko ranar sunan ɗan 'yar'uwarku Rabi na ji samari a ƙofar gida suna cewa a matsa wa Sarkin Tsutsa ya wuce, na yi kamar ban ji ba. Ban hana kowa dariya ba, don abin da na yi ya isa a yi masa dariya. Sai dai masu ba da labarin a inda dariyar take suke tsayawa, ba sa ƙarasawa zuwa inda goran nan da ke rataye a ɗakina ya zama fanko. Wasunku suna zaton magani ne a ciki. Babu komai a ciki. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci in rubuta muku yadda abin ya faru, tun ina da sauran ido.

Goran na Inna ne, mahaifiyata, wadda manyanku suka tarar da rai. Daga Unguwar Gai ta ƙasar Kibiya aka kawo ta Rurum aure, kuma cikin kayan da ta zo da su akwai wannan gora cike da irin masara da uwarta ta ba ta. Mu a gida 'yar Gai muke ce wa masarar. Gajeruwa ce, da ƙyar take wuce kafaɗar mutum, fara sol, amma kowace ƙwaya tana da ɗan jan ɗigo a gindinta kamar an taɓa ta da lalle. Ba ta cika buhu irin yadda masarar kamfani ke cikawa, wannan gaskiya ne. Abin da take da shi shi ne sauri. Takan nuna a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa gero bai iso ba, lokacin da uwar gida ke auna tsaba tana duban fuskokin yara. Sau da yawa ita ta tsallakar da mu wannan tsakani muna ƙanana. Ga ta da taushi, kununta ba ya neman sukari. Da haƙoran Inna suka zube, in ba kunun 'yar Gai ta sha ba, ba ta cewa ta ci abinci.

A gonar bayan gida ake shuka ta, inda tokar murhu da takin awaki suke zuwa. In an girbe, Inna da hannunta take zaɓen wadda za a bar wa iri, ta ɗaure ta da ɓawonta ta rataye a saman murhu hayaƙi ya busar da ita. In ta bushe ta ɓare, ta raba biyu. Rabi na shuka ne, rabi ta gauraya da toka ta ɗura a gora ta toshe da tsumma. Dokarta ke nan tun ina yaro: ba a zuba iri duka a ƙasa, kuma ba a buɗe gora sai in shukar farko ta mutu.

Sai kun san wani abu game da ni da Inna kafin ku gane sauran labarin. Ni ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninsu kunyar ɗan fari suke yi sosai, ba irin ta yanzu ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta ce mini yi ko bari. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa mahaifiyarku Asabe, ko ƙanena Haladu, ko da ina zaune a gefen tabarmarta. Bayan rasuwar mahaifinmu, da gida ya dawo hannuna, sai ta koma kirana mai gidan nan. Da Haladu kuwa, autanta, har zagin wasa suke yi, ya ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce masa ɗan acaɓa mara wanka. Ni ban taɓa jin haushin haka ba. Na san kunyar ita ce irin tata ƙaunar.

A shekarar da nake ba ku labari ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, sai ya ɗauke. Masara ta fito ta yi ganye biyu uku ta ƙone a tsaye. Da ruwa ya dawo, Inna ta sa aka sauko da gora. Ta zazzage shi a faifai har da tokar ƙarshe, ta buga gindinsa da tafin hannu, sannan ta ce wa Asabe:

“A gaya wa mai gidan nan, wannan shi ne ƙarshe. Babu wani a bayansa.”

Ina zaune, na ji da kunnena. Na shuka shi da kaina, ya fito da kyau, har ya kai gwiwa. Sai tsutsar ta zo.

Ku yanzu kun saba da ita, amma a lokacin baƙuwa ce. Da farko ganye muka ga yana yin wasu fararen tagogi, kamar an kankare shi da farce. Bayan haka sai huji a jere, sannan wani abu kamar dusar katako a tsakiyar ganye, can inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, wurin da muke kira zuciyar masara. In ka buɗe zuciyar ka leƙa, sai ka gan ta a kwance. Tsofaffi suka ce su dai ba su san wannan ba. Mahaifiyarku ba ta tsaya tambaya ba. Kullum da sassafe sai ta ɗauki tsinke da tsohon gwangwanin madara ta bi kunya-kunya, ta zaƙulo tsutsa ta jefa a gwangwani, ta zuba yashi da toka a zuciyar. Aiki ne mai karya baya, kuma in ka gama yau, gobe ka tarar da sababbi. Nakan taya ta, ina yi ina tsaki.

Wata safiya na cika gwangwanina kusan rabi, manya da ƙanana, na ajiye a inuwar ɗorawa na tafi amsa kiran maƙwabci. Ban dawo ba sai da hantsi ya yi. Da na ɗauki gwangwanin sai na ga kamar an rage. Na duba ƙasa ban ga ko ɗaya ta fita ba. Na durƙusa na zuba ido. A gabana wata babba, mai alama a goshi kamar reshe mai baki biyu, ta kama wata ƙarama ta tsakiya ta fara ci, kamar yadda take cin ganye. Na yi salati. Abu mai cin ganye, ga ganye na saka mata a ciki, amma ta bar shi ta kama 'yar uwarta. Na daɗe a durƙushe ina kallo, har na lura ba kowace take kamawa ba. Masu ƙarfi in ta taɓa su sukan yi birgima su kuɓuce. Waɗanda take samu su ne wasu ƙanana masu sanyin jiki, koɗaɗɗu, da ba sa ko motsin kirki.

Na tashi na koma cikin masara ina buɗe zuciya ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na tarar da babba, ita kaɗai ce. Duk inda babu babba, ƙanana ne birjik. Nan take wani tunani ya zo mini, kuma wallahi a ranar ji na yi kamar Allah ne ya buɗe mini abin da ya ɓoye wa duk manoman ƙasar Rano. Na ce, ashe maganin abin yana cikinsa. Yadda ake saka kyanwa a ɗakin hatsi, haka zan saka babba guda a duk masarar da ƙanana suka cika. Ta cinye su, ni kuma bayan kwana kaɗan in bi in cire ta. Maimakon in tsinci goma, sai in tsinci ɗaya.

Da na gaya wa mahaifiyarku, ta ajiye tsinke ta dube ni.

“Malam, wasa kake yi ko?”

“Na yi kama da mai wasa? Da idona na gani.”

“Na yarda ka gani. To ita babbar, in ta gama da 'yan uwanta, azumi za ta ɗauka?”

Na ce mata kafin ta gama na zo na cire ta. Na ce daga yau kada a sake kashe babba, kuma kada a sake zuba yashi, don yana damun masu gadina. Haka na kira su, masu gadi. Manyan da ke gonarmu ba su isa ba, sai na ɗauki gwangwani na shiga gonar maƙwabcinmu Malam Hudu na roƙe shi ya bar ni in ɗebi nasa. Daga nan ne sunan da kuke ji ya samo asali. Malam Hudu ya dafa fartanya yana dariya har da hawaye.

“Malam Sule, duniya na roƙon iri, kai kana roƙon tsutsa? Ɗebi, don Allah ɗebi. In ba su isa ba gobe in aiko maka har gida.”

Kwanakin farko abin ya yi kamar ya ci. Ka buɗe zuciya ka ga ƙanana sun ɓace, sai mai gadi ta yi ɓul-ɓul. Na riƙa kiran mutane suna zuwa gani. Wasu suka fara cewa kai, wataƙila fa Malam Sule ya gano wani abu. Wannan maganar ta fi komai cutar da ni.

A cikin kwanakin ne mahaifiyarku ta kira ni ta nuna mini wasu fararen abubuwa manne a bayan ganye, ɗaya nan ɗaya can, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, kamar an naɗe shi da auduga. Sau da yawa a kusa da shi akwai busasshen ɓawon ƙaramar tsutsa. Ta ce ita ba ta san mene ne ba. Ni ma ban sani ba, amma ban ce ban sani ba. Na ce ƙwan tsutsa ne. Na bi gonar nan kaf ina murtsuke su da babban yatsa, ina jin daɗin na rage wa masu gadina aiki.

Haladu kuwa da labari ya kai masa a tashar babura, bai yi shawara da kowa ba. Da la'asar sai ga shi daga Rano da injin feshi ɗaure a bayan babur da kwalbar magani a aljihu. Ya kafe babur a ƙofar gida ya shigo yana huci. Inna na zaune a tabarma a tsakar gida, Asabe na tankaɗe.

“Yaya, ni fa da na ji ban yarda ba. A tasha har ana tambayata nawa kake biyan masu gadin, wata ne ko mako.”

“Bar su su yi. In sun ga masara za su yi shiru.”

“Wace masara? Ka je ka duba ganyen nan kuwa? Kamar rariya. Ka ba ni hanya in fesa kafin magariba.”

“In ka fesa ka kashe mini manyan, ƙananan da ke ɓoye su fito babu mai tare su. Ba za a fesa ba.”

“To ka bar wa Yaya Asabe kunya biyu kacal ta ci gaba da tsintarta. Biyu. In taka ta ci, ba ka yi asara ba. In ba ta ci ba, mun tsira da iri.”

Mahaifiyarku ba ta ɗago kai ba, amma ta daina tankaɗe. Maganar Haladu daidai take da dokar Inna ta gora, kuma a raina na san haka. Sai dai mutane sun riga sun zo sun gani, kuma ƙanena ne yake faɗa mini a gaban matata. Na ce gona ɗaya ce, magana ɗaya za a bi a cikinta. Haladu ya juya wajen Inna.

“Tsohuwa, ke ba za ki ce komai ba? Masararki ce fa.”

Inna ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Can ta ce, tana fuskantar Asabe:

“Ni dai tun da nake, a Unguwar Gai da nan, ban taɓa ganin an ba tsutsa gadi ba.”

Sannan ta ƙara da cewa:

“Amma mai gidan nan shi ne babba.”

Ku lura da wannan, don a nan ne abin yake. Maganarta biyu ce. Ta farko ita ce iyakar hanin da mace irinta za ta iya yi wa ɗan fari. Ba ta da wata hanya da ta wuce wannan, kuma ni da na shekara sittin ina sauraronta na fi kowa sanin haka. Ta biyun ladabi ne kawai. Na ajiye ta farko na ɗauki ta biyu. Na ce wa Haladu ya ji dai da kunnensa. Ya juya da injin ya mayar wa mai shi.

Da na koma cire masu gadi, sai na tarar da yawa ba sa nan. Na yi murna, na zaci tsuntsaye sun ɗauke mini nauyi. Waɗanda na samu kuwa sun yi girma fiye da duk wadda na taɓa gani, kuma mahaifiyarku ta yi gaskiya, ba azumi suka ɗauka ba. Sun gama da 'yan uwansu sun juya kan zuciyar masara, wasu sun yanke ta har ƙasa. Duk da haka masara mai rai ce, mafi yawanta ta farfaɗo, ta fitar da kai, ta fara goyo. Na ce to, mun haye. Ashe waɗanda ban gani ba ƙasa suka shige. Ana nan sai wasu ƙwari masu ruwan ƙasa, kamar ƙananan malam-buɗe-littafi, suka cika gonar, in ka taɓa ganye su tashi. Bayansu sai ƙananan tsutsa, yawan da ban taɓa gani ba, kuma a wannan karon babu mai sanyin jiki a cikinsu. Ba su tsaya a ganye ba, ta gemun masara suka bi suka shige cikin goyo, inda tsinke ba ya kaiwa, magani ma ba ya kaiwa. Na je da kaina na ce wa Haladu ya samo injin. Ya samo, ya fesa. Amma lokaci ya wuce.

Ranar girbi ta zo. Ka ɓare goyo ka tarar da rami da kashi da ruɓa, ruwan sama ya shiga ta hujin ya yi baƙar hunhuna. Mahaifiyarku ta zauna ta bi su ɗaya-ɗaya tana tsintar ƙwayar da take ganin ta tsira, ta tara abin da bai cika tafin hannu biyu ba. Inna, da ido ya riga ya yi mata rauni, ta shafa su da yatsa, ta kai hanci. Ta sa toka ta ɗura a gora. Da damina ta zagayo na shuka rabi, babu wadda ta tsiro. Na shuka sauran a gefen rijiya ina ba su ruwa da buta. Na tona daga baya na tarar sun ruɓe a inda na sa su.

A cikin wannan shekara ta biyu ne wani malamin gona ya zo Rurum Sabon Gari yana yi wa manoma bayanin tsutsar. Na bari aka watse, na same shi shi kaɗai na ba shi labarina duka. Yaro ne mai ladabi, bai yi dariya ba. Ya ce abin da na gani gaskiya ne, suna cin junansu. Sai ya tambaye ni ko na ga wasu fararen abubuwa kamar shinkafa a ganye. Na ce na gani, na murtsuke su. Ya runtse ido.

“Baba, ka san zanzaro yana ɗaukar tsutsa ya kai ɗakinsa na laka ya ajiye wa 'ya'yansa? To akwai ƙanensa, ɗan mitsitsi, da ƙyar ido ke ganinsa. Shi ba ya gini. Cikin tsutsar ne ɗakinsa. Yakan sa ƙwansa a jikinta tun tana ƙarama, ɗansa ya riƙa cinta ta ciki. Shi ya sa ka ga wasu da sanyin jiki. Waɗannan sun riga sun mutu, tafiya kawai suke yi. In ɗan ya fito sai ya naɗe kansa a farin abin nan, daga ciki ya fito da fiffike ya je ya harbi wasu.”

Na ce, ke nan waɗanda masu gadina suka fi ci.

“Su ne, Baba. Babbar ta fi samun mara ƙarfi, in ta cinye ta kuwa ta cinye har da ɗan zanzaron da ke ciki. Wani lokaci cin junan kan juya musu, in wadda aka ci tana da wata cuta mai yaɗuwa sai mai cin ta ɗauka ta mutu. Amma a gonarka ba haka ta faru ba. Kana da masu gadi na gaskiya. Rabi ka ba tsutsa ta cinye, rabi ka kashe da yatsa.”

Na tambaye shi abin da ya kamata a ce na yi. Ya ce a ƙaramar gona irin wannan, tsinke da yashi da toka, a cire manya, a bar fararen. Wato abin da mahaifiyarku take yi kafin in hana ta. Da na dawo gida na gaya mata. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Cewa ta yi Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Saura wuri ɗaya. Na ce wa Haladu ya kai ni Unguwar Gai. Ya goya ni a babur, muka bi ta Kibiya, tafiyar nan duka ba mu yi maganar masara ba. Muka sauka a gidan su Inna, inda ɗan wanta, wani tsoho mai suna Malam Bawa, yake riƙe da gida. Bayan gaisuwa da ruwa na faɗi abin da ya kawo mu. Malam Bawa ya dube ni ya ce:

“Fara mai jan gindi? Ikon Allah. Ai mu mun daɗe da rabuwa da ita. Da irin kamfani ya zo yara suka ce ba ta cika buhu, aka yi ta raguwa har ta ƙare. Ko bara sai da na ce wa iyalina, in Allah ya kai mu zan aika Rurum wajen Gwaggo a sammana, don na san ita ba za ta taɓa bari ta ɓata ba.”

Muka bi gidaje da yawa a ranar, har da rugar Fulani da aka kwatanta mana a bayan gari. Kowa ya san ta, kowa ya tuna daɗin kununta, babu mai ita. A hanyar dawowa Haladu ya tsaya a gindin wata tsamiya ya ce injin babur ya yi zafi. Injin bai yi zafi ba. Ya ga ina goge fuska da hannun riga ne ya ba ni lokaci. Da muka shigo gida Inna ta ɗago kai ta saurari takunmu, ta tambayi Haladu mutanen gida, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ba ta tambayi masara ba.

Ta rayu damina biyu bayan haka. Mahaifiyarku takan nemo farar masara mafi taushi a kasuwa ta yi mata kunu, ta tace sau biyu. Inna ta kurɓa, ta ce Allah ya yi albarka, ta ajiye kwanon a gefe. Ba ta taɓa cewa ba shi ba ne. Ni kuwa da ta zage ni ko sau ɗaya, irin zagin da take yi wa Haladu, da na fi samun sauƙi.

A ciwonta na ƙarshe, wata ranar da hantsi, na shiga gaishe ta. Asabe tana ciki, Haladu ma yana ciki. Na durƙusa a inda na saba, daga bakin ƙofa. Ta ce wa Haladu ya sauko mata da gora. Na ɗauka shi za ta ba, don shi ne ya yi ƙoƙarin ceton abin da ke ciki. Ta riƙe shi a ƙirji ta ɗan jima. Sai ta juyo da fuskarta wajena, ta miƙo shi da hannu biyu.

“Kai,” in ji ta. “Matso.”

Tun da aka haife ni ba ta taɓa ce mini kai ba. Na matsa da gwiwa.

“Uwata ba ni kaɗai ta ba wa ba. Duk yarinyar da aka kai aure daga gidanmu da nata goran ta tafi, wasu Tudun Wada, wasu har ƙasar Bauchi. Ban san inda suka ƙare ba. Ka riƙe. In an samu, a raba biyu.”

Na karɓa. Ban iya ce mata ta yafe mini ba. Ita ma ta mayar da fuskarta wajen Asabe ta ce a gaya wa mai gidan nan rana ta yi, ya tafi gona. Kwana kaɗan bayan haka Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na nema iyakar ƙarfina. Duk kasuwar da na shiga sai na tsaya wajen masu hatsi na juya ƙwaya na duba gindinta, har suka san ni. Yanzu ƙafa ta ƙi. Ku ne kuke yawo, wani direba, wani ɗan kasuwa, wata tana aure a nesa. Ku ci gaba da ce mini Sarkin Tsutsa in kuna so, na amsa. Amma duk wanda a cikinku ya ga gajeruwar farar masara a bayan gidan wata tsohuwa, ya yi sallama, ya roƙi goyo ɗaya, ya ɓare ƙwaya ya juya ta. In ya ga jan ɗigo kamar na lalle, ya kawo. Goran yana nan a kan ƙusa, bayan ƙofar ɗakina. Ina sauko da shi duk farkon damina in kakkaɓe, in sake masa tsumma. Toka kuwa mahaifiyarku ba ta taɓa bari ta yanke ba.